HAZOP ɗin nan aiki ne ko dai zaman shan lemo ne kawai?

Auwal_Kemikal:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina da tambaya, kada a ce na raina sana'a. Wata takwas ke nan da na fara aiki a wani kamfani da ke gina wajen ɗura gas na girki, manyan tankuna biyu, da wajen sauke tanka, da rumfar cika silinda. Satin da ya wuce aka tara mu wai za a yi HAZOP, wato zaman zaƙulo haɗarin da ka iya tasowa a wajen aiki, kwana uku cur muna ɗaki ɗaya da zanen bututu a bango, wani mutum da aka ɗauko daga Fatakwal yana ta tambaya iri ɗaya, in gas bai zo ba fa? in ya yi yawa fa? in ya koma baya fa? Kowane guntun bututu sai an maimaita. Wlh rana ta biyu gyangyaɗi na dinga yi. Da muka fito ogana ya ce kar in damu, takarda ce kawai ta neman lasisi, in an gama a fayil za ta kwana. To ku da kuka daɗe a harkar, da gaske abin nan yana hana wani abu faruwa ko kwaikwayon Turawa kawai muke? Mu da muke da hular kwano da takalmin sefti da abin kashe gobara ta ko'ina.

Baba_Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana Auwal. Ba raini ba ne, ni ma ina sabon shiga matata na yi wannan tambayar. Amma maganarka ta ƙarshe ita ta tsaya min a rai. Hular kwano tana kare kanka in sifana ta faɗo daga sama, ba ta hana gas fita daga tanki. Abu biyu ne daban, kuma har manajoji suna cakuɗa su. Akwai kula da jikin ma'aikaci, kada ya zame kada ya yanke, akwai kuma tabbatar da cewa abin da ke cikin bututu ya zauna a cikin bututu. Ran 20 ga Afrilu 2010 da Deepwater Horizon, wata na'urar haƙar mai da ke kan ruwa, ta kama da wuta a tekun Mexico, manyan kamfani suna kanta a ranar, cikin abin da ya kai su har da yaba wa ma'aikata don sun yi shekara 7 ba wanda ya ji raunin da ya hana shi fitowa aiki. A wannan daren mutum 11 suka mutu. Ba rashin hula ne ya kashe su ba.

Mai_Gas_Kurna:
Baba da girman kujerarka, amma ogan yaron nan fa bai yi ƙarya ba. Shekarata 9 ina sayar da gas. Lokacin da zan buɗe wajena na biya wani konsaltan kuɗi masu kauri ya kawo min rahoto mai kauri shi ma, na ajiye ban buɗe ba sai bayan shekara biyu yarona da ya gama poli ya karanta min. Ashe a ciki ana ta maganar iskar teku da gishiri zai sa tankina tsatsa. A Kano fa! Ko sunan titin wancan wajen da ya kwafo bai goge ba a wani shafin. To wannan takardar me ta kare?

dan_bichi92:
Hhhh iskar teku a Kurna 😂 sai dai ko ta Tiga

Hajiya_HSE:
Alhaji Mai Gas wannan ai damfararka aka yi, ba laifin aikin ba ne. In boka ya cuce ka ba za ka ce asibiti ƙarya ne ba.

Auwal ƙanena, bari in ɗan ja maka da tsawo. Abin da ya sa ka gyangyaɗi shi ne ainihin amfanin abin. Kamfanin ICI na Ingila ne ya fito da tsarin a shekarun 1960, don sun lura cewa in ka tambayi injiniya “me zai iya lalacewa a nan?” zai faɗa maka abin da ya taɓa gani ne kawai. Wanda bai taɓa gani ba ko a ransa ba zai zo ba. Shi ya sa aka ɗaure tunanin da 'yan kalmomi, a raba zanen gida-gida, kowane gida a bi shi da babu, ya yi yawa, ya yi kaɗan, ya juya baya, wani abu daban ya shiga, kuma a gwada su a kan gudun gas, da matsi, da zafi, da cikar tanki. Duk inda aka samu abin da zai iya faruwa sai a tambaya me zai jawo shi, in ya faru me zai biyo baya, me muka tanada, ya isa ko bai isa ba. Tambaya 90 cikin 100 amsarsu “ba komai” ce. Goman da suka rage ake nema, kuma ba ka san inda suka ɓuya ba sai ka bi ta kan sauran. Amma ni tambayata, su wa da wa ke cikin ɗakin?

Auwal_Kemikal:
Hajiya akwai mutumin Fatakwal, da wata da ke rubutawa a kwamfuta, ni, ogana, injiniyan lantarki, da wakilin ɗan kwangila. Mai kamfani ya leƙo rana ta farko ya yi mana addu'a ya tafi.

Hajiya_HSE:
Wanda zai riƙa buɗe bawul da hannunsa fa? Wanda zai ɗaura tiyo a jikin tanka da ƙarfe biyun rana cikin zafin Afrilu?

Auwal_Kemikal:
Ba a ɗauke su aiki ba tukuna, sai an kusa buɗewa.

Hajiya_HSE:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Da ko aron wani tsohon ofareta aka yi daga wani wajen ya zauna da ku.

Dan_Damagaram:
Sannunku da aiki. Ni daga Nijar nake, ina aikin gyaran na'urori a harkar mai. Abin da Hajiya ta faɗa haka ne amma akwai wata matsalar a kansa. Mu nan ko an kira ofareta ɗin, da Faransanci ake zaman, rahoto ma da Faransanci, shi kuma bawan Allah ya san injin kamar yunwar cikinsa amma ba zai buɗe baki gaban manya ya yi Faransancin da za a yi masa dariya ba. Sai ya yi shiru har a tashi. Wata rana na ce wa shugaban zama don Allah a bar su su yi Hausa ni zan fassara, wlh abin da ya fito cikin awa ɗaya ya fi na kwana biyu. A nan muka ji cewa wani bawul da zane ya nuna a buɗe yake kullum, su sun daɗe da rufe shi saboda yana ɗiga musu a kai.

Malamin_Poli:
Wannan ya kawo ni kan abin da nake fama da ɗalibai. Turanci yana da kalma biyu, hazard da risk, mu kuma duk “haɗari” muke cewa, sai magana ta rikice. Ni yadda nake raba musu, maciji shi ne abin cutarwa, ko yana ina maciji ne. Amma macijin da ke cikin kwalba a rufe da wanda ke ƙarƙashin tabarmar yara ba ɗaya ba ne. Na farko ganowa ne, akwai maciji ko babu. Na biyu aunawa ne, yaya yiwuwar ya yi sara, in ya sara kuma wa zai sara, mutum nawa. HAZOP rabin farko ya fi yi. Shi ya sa bayansa ake zuwa da jadawalin nan mai gida 5 sau 5, yiwuwa a gefe ɗaya girman ɓarna a ɗaya gefen, a ga wanne ya faɗa ja wanne kore.

Baba_Ritaya:
Malam jadawalin nan na ga yadda ake wasa da shi. Abu ya faɗa ja, manaja ya dubi kuɗin gyara, sai ka ji an ce “anya kuwa wannan zai faru sau ɗaya a shekara goma? a mayar da shi sau ɗaya a shekara ɗari.” Nan take ya koma ruwan ɗorawa. Macijin yana nan, launin takarda ne ya canza.

Sadiq_Aberdeen:
Ina bin ku tun ɗazu. Nan Aberdeen da nake akwai wajen tunawa da mutanen Piper Alpha, wani dandamalin haƙar mai a tekun Birtaniya, a Hazlehead Park, kuma duk wanda zai fara aikin teku sai ya ji labarin nan har ya haddace. Auwal ka ce takarda ce kawai, to saurari abin da takarda ta yi. Ran 6 ga Yuli 1988, famfo biyu ne ke tura ruwan gas a dandamalin, A da B. Masu aikin rana suka cire bawul ɗin sakin matsi na famfo A don gyara, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe ba su ɗaure shi tamau ba, aiki bai ƙare ba aka tashi. Akwai famit da ke cewa kar a tayar da famfon nan, amma bai isa hannun masu aikin dare yadda ya kamata ba, ba a yi musu bayani baki da baki ba. Da dare famfo B ya tsaya, suka duba suka ga kamar A lafiyarsa ƙalau, suka tayar. Gas ya fita ta wajen faifan, ya fashe. Sannan famfunan kashe gobara an mayar da su sai an kunna da hannu saboda masu ninkaya da ke aiki a ƙarƙashin ruwa, ba wanda ya iya kaiwa gare su. Ga kuma dandamalin Tartan da na Claymore, maƙwabtansu, suka ci gaba da turo mai da gas cikin layin suna ganin wuta, don masu wajen ba su tabbatar suna da ikon tsayar da aiki ba. Mutum 167 suka mutu, 61 suka tsira. Binciken Lord Cullen da ya fito a 1990 shi ya canza dokar aikin teku a Birtaniya gaba ɗaya.

Ummu_Khalil:
Innalillahi. Mijina a irin wannan aikin yake a kudu, sati biyu a ruwa sati biyu a gida. Da ban karanta wannan ba da dare.

Sadiq_Aberdeen:
Yi haƙuri Maman Khalil, Allah ya tsare mana shi. Abubuwa da yawa sun gyaru tun lokacin, saboda irin wannan zaman da Auwal ke ƙorafi a kai.

Direban_Tanka_01:
Ni dai ba ɗan boko ba ne amma shekara 17 ina jan tanka, fetur da gas duka na ɗauka. Duk wannan zaman da kuke yi ba a taɓa kiran direba ba, alhali mu ne muke shigo muku da bala'in har cikin gida. Na sha zuwa wajen da wayar da ake maƙala wa mota don ta sauke lantarkin jikinta ƙasa ta tsinke, an ɗaure ta da leda don ido. Na sha ganin an ce in matsa gaba kaɗan tiyo yana ɗaure a jikin mota. Wani wajen in ka shiga da gaba ba yadda za ka fita sai da ribas, to in wuta ta tashi fa? Injiniya Auwal ka je ka tsaya inda tanka za ta tsaya ka duba da idonka ko za ta iya fita ba ribas.

Auwal_Kemikal:
Oga direba wlh wannan ba ta zo a zamanmu ba. Na rubuta.

dan_bichi92:
Ku ma direbobi ai kuna da naku. Gobarar tankar Majiya a Jigawa fa? Oktoban 2024, sama da mutum 200 a ƙauye ɗaya.

Direban_Tanka_01:
Ɗan Bichi ka ji tsoron Allah. Mota ta faɗi, wannan gaskiya ne. Amma mutanen nan ba faɗuwar mota ce ta kashe su ba, zuwa suka yi da bokiti da jarka kwasar mai a kwata. Allah ya jiƙansu, ba zagin mamaci nake ba. Wata uku bayan nan aka sake a mahaɗar Dikko a jihar Neja, sama da 80.

Comrade_Nura:
Yunwa ce malam. Litar mai ta haura naira dubu a lokacin, mutum bai ci ba iyalinsa ba su ci ba ya ga dukiya na malala a ƙasa, wane wa'azi zai ji? Ku masu cin albashin kamfanin mai ba za ku gane ba.

Dan_Damagaram:
Kwamared ba Najeriya kaɗai ba. A Yamai ma an yi a Mayun 2019 kusa da filin jirgi, tanka ta kife mutane suka zo ɗiba, sama da 50 suka tafi a daren. Kuma lokacin mai bai yi wannan tsadar ba. Yunwa tana ciki amma akwai rashin sanin cewa ba ruwan fetur ɗin ne ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururin yana iya kai wa inda ba ka ganin jiƙa. Babur ɗaya ya isa.

Nima_Boy:
Mu a Ankara ta Ghana 3 ga Yuni 2015 ba wanda ya je ɗiban komai. Ruwan sama mutane suka fake wa a gidan mai a Circle, ambaliya ta ɗauko mai ya hau kan ruwa ya tafi har inda wuta take, wuta ta biyo shi ta dawo. Kimanin mutum 150. Wa zai ce ruwan sama zai kawo gobara? Irin tambayar da mutumin Fatakwal ke yi ce, in ruwa ya shiga fa.

Admin_Sani:
Jama'a a dawo kan tambayar Auwal don Allah. Maganar tsadar mai akwai zaurenta daban, Kwamared ka sani.

Abu_Fatima77:
Ni duk na karanta. Gaskiya ɗaya ce, abin da Allah ya rubuta ba HAZOP ɗin da zai hana. Turawan da suka ƙirƙiro shi ba ga shi ku da bakinku kuna lissafo gobararsu ba? In kwana ya ƙare ya ƙare.

Ustaz_Kabiru:
Malam Abu Fatima, ƙaddara gaskiya ce ba mai musu. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah SAW ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, yana cikin Tirmizi. Kuma a nan ba ranka kaɗai ba ne, akwai ran ma'aikaci da na maƙwabci da ba su san me ka ajiye a bayan katanga ba. Wannan amana ce.

Abu_Fatima77:
Na karɓa Ustaz. Amma tambayata ta biyu ba a amsa ba, me ya sa su ma abin ke cin su?

Baba_Ritaya:
Tambaya ce mai kyau kuma amsarta ba daɗi. Yawanci ba rashin sani ba ne, an sani an bari. Ɗauki Bhopal a Indiya, daren 2 ga Disamba 1984 wayewar 3. Masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide. Ruwa ya shiga tanki mai lamba 610 da ke ɗauke da wani sinadari da ake kira MIC, wanda ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, ya ɗau zafi, kusan tan 40 ya fita ya bi iska cikin unguwannin talakawa suna barci. Wanda ya zana wajen ya san haɗarin sarai, ya sa na'urar sanyaya tankin, ya sa na'urar wanke gas, ya sa hasumiyar ƙona shi. A daren nan na'urar sanyi an kashe ta tun watanni, hasumiyar tana cikin gyara, mai wanke gas ɗin ma ba ta tare komai ba. Gwamnatin jihar ta ƙirga mutum 3,787 da suka mutu, wasu na cewa adadin ya ninka haka sau da yawa, sama da mutum 500,000 suka shaƙa. Kowace kariya akwai wanda ya cire ta yana cewa ai akwai sauran. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa bango uku ne suka tsage a layi ɗaya.

Abin da ya fi ci min rai, MIC ɗin nan ba shi suke sayarwa ba, a tsakiyar aiki ake bi ta kansa, ba dole ne a tara shi tan-tan ba. Marigayi Trevor Kletz, wanda ya yaɗa HAZOP a duniya, ya sha nanata cewa abin da ba ka ajiye ba ba zai yi yoyo ba. Auwal, an tambaya a zamanku ko dole sai tanki biyu a cike?

Baban_Walda:
Baba ka tuna min. Ni nawa ƙarami ne amma har yau ina da tabo a wuya. Wani mai gidan mai ya kira ni in like masa tankin ƙasa da aka tono, ya rantse min wata shida ba mai a ciki. Na leƙa, a bushe. Ina kunna wuta sai ji na yi kamar an harba igwa, na farka a asibiti, kunnena na hagu har yau ba ya ji sosai. Tanki “ba komai a ciki” ya fi cikakke mugunta, daga baya na sani. Yanzu ko uban wa ye sai an cika shi da ruwa ko an gwada da mita na ga lamba da idona.

Hajiya_HSE:
Allah ya ƙara lafiya Baba mai walda. Auwal ga wani abu da za ka riƙe, HAZOP ɗin da kuka yi na wajen da ke kan zane ne. Daga ranar da aka buɗe, wajen zai fara canzawa, a ƙara layi nan, a yi baifas can “na wucin gadi”, wucin gadin da zai shekara biyar. Flixborough a Ingila, 1 ga Yuni 1974, haka aka yi. Ɗaya daga cikin manyan tukwane shida na aikin ta tsage, aka cire ta, aka haɗa gurbin da bututu mai inci 20 don kada aiki ya tsaya, zanen da aka yi masa da alli ne a daɓen wajen gyara. Bayan wata biyu ya ɓalle, mutum 28 suka mutu, kuma don ranar Asabar ce ofis ba kowa, da abin ya fi haka. Duk canjin da za a yi, komai ƙanƙantarsa, sai an sake zama a kansa.

Mai_Gas_Kurna:
To Hajiya canjin da ba ni na yi ba fa? Lokacin da na gina wajena gonaki ne kewaye da ni. Yau katangata ta baya jikin gidan mutane take, gaba akwai Islamiyya, gefe mai shayi. Ni na same su ko su suka same ni? In an zo dubawa ni za a ce in tashi.

Malamin_Poli:
Alhaji haka ta faru a San Juanico kusa da birnin Mexico, Nuwamba 1984, sati biyu kafin Bhopal. Ma'ajiyar gas ce, gari ya taso ya kewaye ta, da ta fashe kimanin mutum 500 suka mutu, yawancinsu a gidajensu. Kuma gas ɗin girki yana da hali uku da ya kamata maƙwabtanka su sani. Ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi ya kwanta a kwata da rami. Lita ɗaya ta ruwansa tana zama wajen lita 250 na tururi. Kuma kashi 2 cikin 100 kawai a iska ya isa ya kama. Warin da kuke ji ma zuba masa ake yi, shi kansa ba shi da wari.

Mai_Gas_Kurna:
Malam ka sa yau ba zan yi barci ba. Mai shayin nan a bakin kwatata yake.

Instrument_Guy:
Ni ɓangaren geji da ƙararrawa nake. Abin da ke ba ni haushi a irin zaman nan, duk matsalar da aka taso sai a rubuta “akwai alam” ko “ofareta zai lura” a wuce. Wa ya gwada alam ɗin? Yaushe? A Buncefield, wata ma'ajiyar mai a Ingila, Disamba 2005, ana cika tankin fetur da dare geji ya maƙale yana nuna lamba ɗaya, makunnin da ya kamata ya yanke mai in tanki ya cika shi ma bai yi aiki ba, fetur ya yi ta ambaliya ta saman tanki har tururi ya cika wajen ya fashe. Ikon Allah safiyar Lahadi ce ba wanda ya mutu. Matatar mai ta Texas City a Amurka ma a wannan shekarar, 23 ga Maris, geji yana nuna ruwa na sauka alhali hasumiya cika take yi, mutum 15 suka mutu, kuma 'yan kwangila ne da ke cikin ofisoshin kwantena da aka ajiye dab da wajen. Kariya biyu da ke rataye a waya ɗaya ko geji ɗaya, kariya ɗaya ce. Wannan shi ake bi a LOPA, wato nazarin matakan kariya, a ƙirga su ɗaya-ɗaya a ga wacce ce ke tsaye da ƙafarta.

Comrade_Nura:
Duk misalanku na Turai ne da Indiya. Namu fa? Ina rahoton binciken namu da za a karanta a koya?

Sadiq_Aberdeen:
Kwamared a nan kam na bi ka. Abin da ya sa muke iya ba da labarin Piper Alpha dalla-dalla, an yi bincike an buga kowa ya karanta. Na Texas City har bidiyo hukumar binciken Amurka ta yi, yana YouTube kyauta. Auwal ka nema ka kalla, minti kaɗan ne.

Auwal_Kemikal:
Na dawo, na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Yau da safe na karɓi rahoton na karanta da kaina, shawarwari 41 ne a ciki, kuma gidan da aka ce a rubuta sunan wanda zai aiwatar da ranar gamawa duk fanko ne. Sannan na je wajen kamar yadda Oga direba ya ce. Tanka ba za ta fita ba sai da ribas, wannan tabbas ne. Kuma mai gadinmu, wani dattijo, da na tambaye shi ina ruwa ke bi in an yi sama, ya ja ni ya nuna min kwatar da ta taso daga wajen sauke tanka ta bi ƙarƙashin katanga ta fita daidai inda wata mata ke suyar ƙosai da safe. Kwatar nan babu ita a zanen da muka kwana uku muna kallo. Na kai wa oga, ya ce in rubuto masa, za a duba bayan Sallah.

Baba_Ritaya:
Rubuta ɗana, ka sa kwanan wata, ka tura ta imel, ka ajiye kwafi a wajenka.

Mai_Gas_Kurna:
“Bayan Sallah” 😂 ka ga abin da na faɗa tun farko. Fayil.

Hajiya_HSE:
Alhaji ai zaman ne ya sa yaron ya san ya tambayi inda ruwa ke bi. Auwal kar ka kai masa 41 gaba ɗaya, zai ga kuɗi ya tsorata. Ware waɗanda dole a gama kafin gas ya shiga tanki, kwatar nan a sama, ka sa farashin kowanne a gefe. Toshe kwata da juya mata hanya buhun siminti nawa ne?

Abu_Fatima77:
Ita mai ƙosan an gaya mata?

Auwal_Kemikal:
Ba a gaya mata ba tukuna, ai ba a kawo gas ba. Ban ma san ko ni ya kamata in yi mata magana ko sai kamfani ba.

Mai_Gas_Kurna:
Injiniya ka turo min lambar mutumin Fatakwal ɗin ta inbox. Nawa ya caje ku kwana ukun? Kuma yana jin Hausa ko sai na nemo tafinta?